Filat ɗina na Ha ya fito dabbare-dabbare, ko jabun filta aka sayar min?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hoton sararin samaniya daga tsakar gidanmu a Arkilla, cikin Sakkwato. Teleskop ɗina mai gilashi ne, faɗin bakinsa milimita 80, lambar f ɗinsa (tsawon fokas a raba da faɗin baki) 6 ce, wato f/6. Kyamarar baƙi-da-fari ce mai sanyaya kanta, girman fiksel ɗinta maikuron 4.63. Bana na haɗa kuɗi da ƙyar na sayi filtoci uku na nanomita 3, wato masu barin siririn zango ɗaya na haske kaɗai ya wuce, Ha (na haidirojin) da OIII (na oksijin) da SII (na sulfa), masu faɗin milimita 36 marasa zoben ƙarfe, na jera su a faifan filta. Tun da na fara aiki da su filat ɗina, wato hoton haske bai-ɗaya da ake gyara hoton dare da shi, ya rikice. Na Ha da na SII suna fitowa dabbare-dabbare da wasu layuka masu lanƙwasa. Na OIII ba shi da wannan, sai dai ratsi-ratsi a kwance. A dukkansu akwai wani baka mai haske a gefe guda. In na gyara hotunan gajimaren taurari na Rosette da su, kusurwoyi sai su fi tsakiya haske, bakan nan ya koma baƙi, tabon ƙura kuma ya fito gefe guda fari gefe guda baƙi. Da safe nake ɗaukar filat, wajen ƙarfe tara, da allon LED irin na masu zane, ina rage masa haske da maɓallinsa. Na OIII daƙiƙa 0.2 nake ba shi. Hotunan duhu (waɗanda ake ɗauka bakin teleskop a rufe) da na bayas (duhu mafi gajeren ɗauka) na bara ne, kuma da wata manhaja daban na ɗauke su. Abokina ya ce jabu aka sayar min, in mayar tun da wuri. Raina ya ɓaci har na lulluɓe kayan na bar su. Me ka gani?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka mayar da filtocin tukuna, kada ka kira mai sayarwa da faɗa, kuma mafi muhimmanci, kada ka kwance komai daga jikin teleskop ɗin. Ka bar kyamara da faifai da fokasa (bututun daidaita fokas) yadda suke a daren ƙarshe da ka ɗauki Rosette, domin hotunan nan ana iya ceto mafi yawansu muddin ba a juya kyamarar ba.

Abin da ka lissafa ba matsala guda ba ce. Abubuwa biyar ne suka haɗu, kuma wanda ya fi tayar maka da hankali, wato dabbare-dabbaren, shi kaɗai ne a cikinsu ba cuta ba. Aikin filat shi ne ya kwafo duk wani rashin daidaito da ke kan hanyar haske, daga gilashin gaba har fiksel, don manhaja ta raba hoton dare da shi. Saboda haka ba a neman filat ya yi kyau a ido. Tambayar da za ka riƙa yi wa kowane tabo ita ce: yana cikin hoton dare ma, ko a filat kaɗai yake? In yana cikin duka biyun, rabawa za ta share shi. In a filat kaɗai yake, kai ne za ka buga shi a kan hotonka da hannunka, a juye, fari ya koma baƙi.

Mu fara da dabbare-dabbaren. Ha tana wuce haske mai tsawon zango nanomita 656.3, SII wajen 672, OIII kuma 500.7. Sensoshin zamani da yawa ana haska su ne ta baya, silikon ɗinsu siriri ne ƙwarai, 'yan maikuron kaɗan. Hasken nanomita 500 silikon na shanye shi tun a kusan maikuron ɗaya na farko. Jan haske na 656 kuwa yana nutsawa fiye da maikuron uku, wani sashensa ya kai ƙasan silikon ɗin ya dawo, ya gamu da mai shigowa. Inda kaurin silikon ya sa suka dace sai haske ya ƙaru kaɗan, inda suka saɓa ya ragu. Tun da kaurin ba daidai yake ɗari bisa ɗari a faɗin sensa ba, abin da kake gani taswirar kaurin silikon ɗin kyamararka ce. Da farin haske ba ka ganinta, saboda kowane launi na zana tasa taswirar, su taru su shafe juna. Da ka matse hasken zuwa nanomita 3 sai guda ta rage, ta fito fili. Shi ya sa OIII ba ta nuna ba, Ha da SII suka nuna.

Akwai ɗan lissafi da ke wanke filtar daga zargi. Tazarar da haske zai iya yin irin wannan karo da kansa ita ce tsawon zangon sau kansa, a raba da faɗin filta. 656 sau 656 a raba da 3 ya ba da kusan nanomita 143,000, wato milimita 0.14. Tsakanin filtarka da tagar kyamara akwai milimita fiye da goma, gilashin filtar kansa ma ya fi milimita ɗaya kauri. Babu inda ya yi sirantar da ake bukata sai cikin sensa. Ka kuma buɗe filat na Ha da na SII gefe da gefe. Za ka ga tsarin ya yi kama a wurare guda, ko da inda ya yi haske a ɗaya ya ɗan goce a ɗayan. Gilasai biyu daban ba za su yi aibi iri ɗaya a wuri ɗaya ba.

Sannan ka daina yarda da idonka a nan. Manhaja na buɗa filat da ƙarfi don ta nuna maka shi, sai bambanci ƙanƙane ya zama kamar bala'i. Ka auna lambar ADU, wato ƙidayar da kyamara ke ba kowane fiksel, a wuri mai haske da wuri mai duhu da ke kusa da shi. In ka sami 25,000 da 24,500, biyu cikin ɗari ke nan, kuma filat mai kyau zai share shi tas. Abin da wannan ke wajabta maka guda ne: kowace filta da nata filat. Na OIII ba ya gyara Ha, na Ha ma ba ya gyara SII, duk da kusancinsu.

Yanzu ga wadda ta fi ɓata maka aiki, kusurwoyin da suka fi tsakiya haske. Mutane na ɗora wa filat laifin wannan, alhali galibi daga hoton duhu yake. Kowace kyamara na ƙara wata lamba a kan kowane fiksel don kada ƙidaya ta faɗi ƙasa da sifili, ita ce ofset. Wannan lambar ba haske ba ce, ba ta bi ta gilashi ba, don haka duhun kusurwa bai taɓa ta ba. Dole a cire ta kafin a raba. Ga misali da lambobi. A ce ofset ya ba da 500, hasken sama a tsakiyar hoto 100 ne, a kusurwa kuma 70 saboda teleskop na rage kashi 30 a can. Filat ya ce tsakiya 1, kusurwa 0.7. In an cire 500 daidai, tsakiya 100, kusurwa 70 a raba da 0.7, ita ma 100. Shi ke nan an daidaita. In kuwa duhun bara 460 yake cirewa saboda waccan manhajar ta sa ofset daban, saura 40 ya maƙale: tsakiya 140, kusurwa 110 a raba da 0.7, wato 157. Ga kusurwa ta fi tsakiya haske. In duhun ya zarce, a ce 520 saboda haske ya kutsa lokacin ɗaukarsa, tsakiya 80, kusurwa 50 a raba da 0.7, kusan 71, sai kusurwa ta yi duhu.

Ka lura da ƙanƙantar hasken sama a misalin. Da filta mai faɗi a cikin gari, bayan hoto na kai dubbai, kuskuren 40 ba ya ko motsa shi. Da nanomita 3 sama ta yi baƙi ƙirin, bayan hoto ɗan kaɗan ne a kan ofset, sai ƙaramin kuskure ya zama babba. Shi ya sa duhun bara ya yi maka aiki bara, bana ya ƙi.

Ka buɗe bayanan kan fayil ɗin FITS (tsarin da kyamara ke ajiye hoto a ciki) na hoton dare guda da na duhu guda, ka kwatanta layuka huɗu: GAIN (gen, ƙarfin ƙara sigina), OFFSET, CCD-TEMP (sanyin sensa) da EXPTIME (tsawon ɗauka). Dole su zo ɗaya. Manhajoji biyu, ko direbobi biyu na kyamara ɗaya, na iya sa ofset daban ba tare da sun faɗa maka ba, wani lokaci ma layin OFFSET ba ya cikin fayil ɗin sam. In haka ne ka auna matsakaicin ADU na duhun bara da na sabon duhu guda da za ka ɗauka da manhajar da kake aiki da ita yanzu. Ko da sun zo kusa, shawara ita ce ka sake duhu gaba ɗaya: guda 25 zuwa 30, tsawonsu daidai da na hoton dare, sanyi ɗaya, gen ɗaya, ofset ɗaya, da daddare, bakin teleskop a rufe da murfi an naɗe shi da takardar foyil. Murfin roba baƙi ne a ido, amma wasunsu na barin hasken infrared ya wuce, sensa kuwa tana gani har wajen nanomita 1,000.

Bayas ɗin nan kuma ka ajiye shi gefe. Wasu sensoshin CMOS ba sa ba da lamba iri ɗaya a ɗauka mai gajarta ƙwarai da mai tsawo, sai bayas ya cire abin da ba shi ke cikin filat ba. Maimakonsa ka ɗauki duhun filat: bayan ka gama filat na kowace filta, ka kashe allo, ka rufe baki, ka ɗauki guda 25 zuwa 30 da tsawon daƙiƙa daidai da na filat ɗin. A wajen haɗawa ka kashe zaɓin da ke auna duhu ya ƙara ko ya rage shi da kansa, musamman in kyamararka na nuna ɗan haske a gefe a dogon ɗauka, domin wannan hasken ba ya bin irin wancan lissafi. Ka kuma sa manhaja ta ƙara ɗan tudu, kamar 100 zuwa 200, bayan cire duhu. In ba haka ba fiksel masu yawa za su faɗi sifili a hoton SII, bayan hoto ya fito da ramuka baƙaƙe. Manhajar PixInsight na da gurbin wannan a wajen gyaran hotuna.

Sai bakan mai haske. Amsarsa na cikin wasiƙarka: ƙarfe tara na safe, a tsakar gida, a Sakkwato. Hasken da ido ke gani ya kama daga kusan nanomita 400 zuwa 700, faɗin 300 ke nan. Filtarka na wuce 3, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Ka toshe ƙofar gaba saura ɗan tsagi, sannan ka ajiye kayan cikin rana, duk wata ɓaraka ta gefe da a da ba ta da tasiri yanzu ta ninka ɗari a kan abin da ke shigowa ta hanya. Da daddare wannan hasken babu shi, don haka bakan na cikin filat kaɗai, shi ya sa yake komawa baƙi a hoton da ka gyara.

Wuraren da haske ke kutsawa sanannu ne: tsakanin bututun fokasa da gidansa, bakin murfin faifan filta, ramin kebul ɗinsa, ramukan sukurori da ba a cike ba, da mahaɗar ƙaramar kyamarar jagora in kana da ita a kan hanyar haske. Gano su ba wuya. Da daddare ka rufe bakin teleskop da foyil, ka sa kyamara ta riƙa ɗaukar daƙiƙa 10 a jere, ka ɗauki tocila mai ƙarfi kana haska mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, kana kallon matsakaicin ADU. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne. Ka rufe wurin da foyil ka bi da baƙin tef na masu wayarin, fokasa kuma ka sa mata baƙin ƙyalle mai kauri da roba, yadda za ta iya motsi.

Akwai kutse na biyu da tocila ba za ta kama ba, kuma filtoci marasa zobe sun fi fama da shi. Hasken allo na iya zagaye bakin filtar ta tsakaninta da ramin faifai, ko ya shiga ta kaurin gilashin in ba a baƙanta gefensa ba, ya faɗa kan sensa bai tace ba. Alamarsa ita ce bakan na nan ko da ka ɗauki filat cikin dare. Maganinsa siririn baƙin zobe da ake ɗorawa kan bakin filta kafin a ɗaure ta, ana sayarwa, ana kuma bugawa da na'urar 3D. Ƙananan wasoshi uku da sukurori kaɗai ba sa rufe bakin. Amma wannan aikin sai an buɗe faifai, don haka ka bar shi sai bayan ka ɗauki filat na ceto.

Ratsi-ratsin OIII ba su da wuyar sha'ani. Maɓallin rage haske na irin wannan allon ba rage ƙarfin fitilar yake ba, kunna ta yake yana kashewa da sauri. Sensarka kuma layi-layi take karantawa, sai wasu layuka su sami walƙiya fiye da wasu in ɗaukar ta yi gajarta. In fitila ce mai aiki kai tsaye da wutar gida, wutarmu ta 50 Hz na sa ta ƙifta sau 100 a daƙiƙa: a 0.2 ƙiftawa 20 ce kawai, a daƙiƙa 3 kuwa 300, bambancin ya narke. Ka ƙure hasken allon, ka rage shi da fararen takardu, ɗaya bisa ɗaya, har filat na OIII ya kai daƙiƙa 3 zuwa 5. Ka ba allon wuta daga fawa bank ko batir, kada ka haɗa shi da janareta ko inbatar da firji ke kai. Ka bar shi minti biyar a kunne kafin ka fara. Farin LED shuɗi ne da aka shafa wa sinadarin da ke ba da rawaya, jansa mai zurfi kaɗan ne, saboda haka Ha zai nemi lokaci fiye da OIII, SII kuma ya fi su duka. In SII ya kai daƙiƙa 10 ko 15 ba laifi, in dai duhun filat ɗinsa ma haka yake. Ka nemi tudun histogiram ya tsaya tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabi, wato kusan ADU 22,000 zuwa 33,000 a ma'aunin 65,535. Manhajar ɗaukar hoto ta N.I.N.A. na da sashen da ke lalubo maka tsawon da kansa. Guda 30 ga kowace filta sun isa.

Allon masu zane ba koyaushe haskensa ke daidai ba, domin fitilunsa a gefe suke. Ka ɗauki filat 10, ka juya allon rabin zagaye, ka ɗauki wasu 10, ka haɗa kowane rukuni, ka raba ɗaya da ɗaya a manhajar Siril ko PixInsight. In allon lafiya yake, sakamakon fili ne ba komai. In ka ga gangara daga gefe zuwa gefe, ka riƙa juya allon kwata-kwata kana ɗauka, ko ka nisanta shi kaɗan daga baki da takarda a tsakani. Wannan gwajin zai kuma nuna maka da idonka cewa dabbare-dabbaren Ha na gogewa.

Tabon ƙura mai gefe fari gefe baƙi na nufin ƙurar ta matsa tsakanin hoton dare da filat. Inda take a da ba a gyara ba, ya yi baƙi, inda ta koma an gyara abin da babu, ya yi fari. Kafin ka taɓa komai ka gano a kan wane gilashi take. Ka auna faɗin tabon da fiksel, ka ninka da girman fiksel, ka ninka da lambar f. Tabo mai fiksel 160 sau maikuron 4.63 ya ba da milimita 0.74, sau 6 ya zama kusan 4.4: wannan tagar kyamara ce. Mai fiksel 700 ya ba da milimita 3.2, sau 6 kusan 19: wannan filta ce. Ɗan ƙarami mai duhu sosai, ƙasa da fiksel 50, yana kan gilashin sensa. Ƙurar gilashin gaba ba ta yin tabo ko kaɗan, ta yi nisa, don haka ka daina goge shi kullum.

In tabban kan filta ne kaɗai ke da wannan fuska biyu, kuma duka sun goce gefe guda, faifan ne ba ya komawa daidai inda ya tsaya. Ka shiga saitinsa ka sa ya riƙa juyawa ta hanya ɗaya tak, ka sa ya sake auna kansa, ka duba ko wata filta na girgiza a raminta. In kuwa tabo guda ne ya matsa sauran na nan, ƙurar ce da kanta ta gusa, ko wajen ɗaukar kaya zuwa ɗaki ko wajen kifa teleskop sama don ɗora allo. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan ba abin mamaki ba ne, kuma lokacin ne Rosette da Orion ke hawa kusan tsakiyar sama a Sakkwato. Filat na makon jiya ba ya aiki a wannan yanayi. Ka ɗauke shi a daren da ka yi aiki, da ka gama, kafin ka motsa komai, fokas na inda yake.

Ranar da za ka buɗe faifai don sa zobban nan, ka yi a ɗaki a rufe, fanka a kashe, ka yayyafa ruwa a ƙasa ka jira ƙura ta kwanta. Ka fara da hurawa da ɗan famfon roba na masu kyamara, gilashin na kallon ƙasa. Ƙurar hunturu na ɗauke da ɓarɓashin yashi, in ka goga a bushe za ka karce rufin filtar, kuma busasshiyar iska na sa gogayya ta tara lantarkin da zai jawo wata ƙurar. Sai wadda ta ƙi tashi za ka bi da takardar goge gilashi da ɗigon isopropyl mai kashi 99, shafa ɗaya, takarda ɗaya. Ka kuma duba takardar da ta zo da filtocin ko masana'antar ta faɗi fuskar da za ta kalli teleskop.

Ɗaukar safe na da wata illa ban da haske. Irin wannan kyamarar na sauka ne digiri 30 zuwa 35 ƙasa da zafin wurin. Daren Janairu mai digiri 16 zai kai ka −10 cikin sauƙi. Da hantsi, ƙarfen ya sha rana, sai injin sanyi ya ƙure, zafin sensa ya riƙa hawa da sauka. A Maris da Afrilu, da rana ke wuce 40 dare ma bai huce ba, −10 ba ta samuwa. Ka zaɓi sanyin da za ka riƙe ba tare da injin ya wuce kashi 80 ba, −5 a hunturu, 0 ko +5 a bazara, kowanne da nasa duhun. Da damina kuma ka sauko da sanyin a hankali cikin minti goma. In ka ga tabo mai duhu a tsakiya yana girma daga filat zuwa filat, raɓa ce ko ƙanƙara a kan sensa, ƙwayoyin shan laima na cikin kyamarar na neman a busar da su.

In kana so ka cire allon daga lissafi gaba ɗaya, sama ma na ba da filat. A Janairu rana na faɗuwa wajen shida da rabi. Ka nufi teleskop kusa da tsakiyar sama, ya ɗan karkata gabas, ka fara da SII tun rana na bakin faɗuwa, sai Ha, sai OIII, domin mai cin haske da yawa ita ake fara ba wa. Kusa da ikwaita hasken magariba ba ya daɗewa, minti ashirin da 'yan kai ya tafi, don haka ka shirya komai kafin a kira salla. Tsawon ɗauka zai riƙa sauyawa, ka yi ƙoƙari ka tsaya kan tsawo biyu ko uku don duhun filat ya yi sauƙi. Ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura, sama ba ta daidaita. Ko ba ka mai da shi al'ada ba, gwaji ɗaya ya isa ya nuna maka ko bakan na allo ne.

Game da hotunan Rosette, ga yadda za ka bi. A dare na farko ka yi gwajin tocila ka toshe ɓaraka daga waje, ba tare da ka kwance komai ba. Ka ɗauki filat na filtoci uku cikin duhu da gen da ofset da sanyin da ke rubuce a hotunan daren, ka bi da duhun filat, sannan ka bar kyamara ta kwana tana ɗaukar dogon duhu. Ka gyara hoto guda tak na Ha, ka buɗa shi da ƙarfi ka duba kusurwoyi kafin ka haɗa sauran. Kusurwoyi, dabbare-dabbare da ratsi duk za su tafi. Tabon ƙurar da ta riga ta gusa ba zai tafi duka ba. In ka riƙa ɗan gusa teleskop tsakanin hoto da hoto lokacin ɗauka, haɗawa za ta rage shi sosai. In ba ka yi ba, ka haɗa kowane dare daban ka ga wanne ya fi dacewa da sabon filat, wanda tabonsa ya faɗa kan gajimaren kansa ka sake ɗaukarsa.

Filta mai aibi na gaske akwai ta, kuma tana da alamunta. In ka ɗaga ta gaban fitila ka ga ɗigon haske kamar hudar allura, ko rufin ya fara ɓarewa daga baki, ko hoton Ha na minti biyar a kan Orion bai nuna gajimaren ba alhali taurari sun fito, to akwai magana. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne ka juya filtar kwata a cikin raminta, kyamara na yadda take, ka sake filat. Abin da ya juya tare da ita nata ne, abin da ya tsaya na sensa ne ko na teleskop. In ya juya, ka ajiye filat biyun na kafin da na bayan juyawa a FITS, ba hoton allon waya ba, su za ka tura wa mai sayarwa tare da rasit.